Ƙugin Jitar Auta

Mai Rediyo bai taɓa ƙaunar jitar nan ba. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo kafin rawar hannu ta zaunar da shi a gida, kuma a ganinsa abin da ba ya kama tasha ba na'ura ba ne, katako ne mai surutu. Amma kunne bai san ritaya ba. Kwana uku ke nan yana jin wani ƙugi na fitowa daga ɗakin Auta, ɗansa na ƙarshe, irin na tsohon firji. Da an jona jita da lasifika sai ƙugin ya taso ya cika tsakar gida.

Ya san labarin, domin Inna, matarsa, ba ta iya riƙe magana. Ƙungiyar kiɗan su Auta za ta shiga situdiyo ranar Asabar, karo na farko. Jitar tasa matsakaiciya ce, ba ta manyan makaɗa ba, ba kuma ta 'yan koyo ba. Katakonta lafiyayye, sai dai kayan cikinta ba su da kirki. Shi ne Auta ya sayo sababbin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi, da sabon maɓallin ƙara murya, ya zauna gaban bidiyo a waya ya canza su da kansa. Murya ta yi kyau, ƙugi kuma ya samu gida. Shugaban ƙungiya ya ce masa, in bai rabu da shi kafin Asabar ba, wani za a kira ya kaɗa a madadinsa.

Ranar Alhamis da hantsi haƙurin tsohon ya ƙare. Ya tura ƙofar ɗakin da sandarsa. Auta na zaune a ƙasa, gemu a hargitse, jita kife a cinyarsa, wayoyi sun leƙo daga cikinta.

"Kai, injin niƙa ka buɗe mana a gida?"

"Baba, na kusa gamawa."

"Tun Litinin kake kusa. Kawo ta kan tebur."

Aka share teburin cin abinci, Inna na mita. Auta ya sauko da akwatin aikin uban daga saman kabad, ya hure ƙura. Mai Rediyo ya sa tabarau ya leƙa cikin jitar, ya ja tsaki mai tsawo. Dalmar da Auta ya narka a kan wayoyin ta taru guda-guda, baƙi ƙirin.

"Wa ya koya maka wannan? A yi masa addu'a."

"Wani ne a bidiyo. Mutum miliyan biyu suka kalla."

"To, mutum miliyan biyu na fama da ƙugi yanzu haka."

Ya ce a jona ta. Ƙugi ya taso. Ya ɗora yatsa a bakin ramin da waya ke shiga, ƙugi ya ɗauke. Ya ɗaga, ya dawo. Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyi, ƙugi ko gezau. Nan take ya gane. Ya sa tsinke ya tona wani ɗan rami a kusurwa, sai ga siririyar baƙar waya a naɗe, bakinta bai kama komai ba.

"Wannan fa?"

"Ban gan ta a bidiyon ba. Na ɗauka rara ce, na tura ta ciki."

"Rara! Wayar ƙasa ce, daga ƙarfen da tsirkiyoyi ke ɗaure ta fito. Ita ke kwashe ƙugin ta zubar. Ka saya wa gida sababbin tagogi ka toshe magudana."

Ƙarfen narka dalma ya yi zafi, Mai Rediyo ya ɗauka kamar yadda ya saba. Bakin ƙarfen ya kama rawa a iska. Ya dafe da ɗaya hannun, rawar ta ƙaru. Sau biyu ya kai shi kusa da wayar, sau biyu ya kauce, har ya lashi robar wata waya ta yi hayaƙi. Kunya ta kama shi, mai ɗaci, a gaban ɗan da ya zo yi wa gori. Auta ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba.

Tsohon ya miƙa masa ƙarfen. "Riƙe. Ba kamar cokali ba, kamar biro. Goge waccan ƙazantar tukuna."

Haka suka wuni. Uban ya matso har numfashinsa na taɓa kunnen ɗan. Ka gasa wayar, ba dalmar ba. Jira. Jira mana! Yanzu sa. Ɗaga. Kada ka hura, ba shayi ba ne. Duk liƙin da bai yi ƙyalli ba sai an sake shi. Na wayar ƙasa kaɗai sau huɗu aka yi, Auta na zufa yana cije leɓe. Bayan la'asar suka rufe murfin, suka jona. Gida ya yi tsit, har Inna ta leƙo ta tambaya ko wuta aka ɗauke.

Ranar Asabar Mai Rediyo ya sa farar rigarsa ya ce zai raka Auta, wai don kada a cuce shi. Situdiyon ɗan ɗaki ne mai bango lulluɓe da soso. Aka ba tsohon kujera bayan gilashi, kusa da mai ɗaukar sauti, wani mutum mai sanƙo da ba ya murmushi. Shugaban ƙungiya ya tsaya a gefe ya harɗe hannu, waya a tafinsa, a shirye ya kira wancan makaɗin.

Auta ya jona jita. Mai ɗaukar sauti ya tura maɓalli sama, ya saurara, ya ƙara turawa, ya ɗaure fuska.

"Malam, ba ka jona ba."

Auta ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito garau, da ƙarfin da ya sa mai sanƙon ya fizge abin sauraron da ke kunnensa. Shugaban ƙungiya ya zura waya a aljihu.

Da aka gama waƙar farko, mai ɗaukar sauti ya karɓi jitar ya juya ta, ya dubi sunan da ke kanta, ya girgiza kai. "Irinta da yawa sun shigo ɗakin nan, duk da ƙugi. Wane shago aka yi maka aikin?"

Auta ya nuna bayan gilashi. "Babana ne."

Mai Rediyo ya ji ƙirjinsa ya cika. Alfahari ne tsantsa, bai kuma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Ya ɗaga hannayensa biyu masu rawa, kowa ya gani.

"Da waɗannan? Ban liƙa ko waya ɗaya ba. Ɗana ne ya yi, da hannunsa."