Sunan Hamsatou a Bakin Teku

A gidanmu ni ne mai karanta wasiƙa. Duk ambulan da ya shigo, Mama takan ajiye shi a kan firji har in dawo daga aiki. Na asibiti, na inshora, na masu gidan da muke haya a bayan titin Gate City, a garin Greensboro na Amurka. In karanta, in faɗa mata da Hausa. Ba ta taɓa cewa in maimaita ba. Na taɓa jin tana gaya wa mata a masallaci, "Autana ba ya magana. Amma in ya yi, ba sai kin nemi shaida ba."

Yayana Rachid kuwa Allah ya yi masa baki. Shi ne ɗan fari, don haka Mama ba ta kiran sunansa, "yayanka" take cewa. Tana son sa ƙwarai. Amma in ya faɗi abu sai ta juyo ta dube ni tukuna.

Sana'arsa motoci. Ya sayi waɗanda suka yi haɗari a gwanjo, ya gyara, ya tura Kwatano ta jirgin ruwa, daga can a wuce da su Yamai. Ya bi wasu motoci don ya fitar da su daga tashar jirgi, sai aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Benin. Ya maƙale a Kwatano wata da watanni.

A watan Janairu ya kira ni ina hutun rana a sito ɗin da nake ɗaukar kwalaye a McLeansville. Ina zaune cikin mota, sanyi na cin yatsuna.

"Auta, na samu wuri! Bakin teku. Rumfa babba, kujeru arba'in, kicin, har da janareta. Mai shi ya tsufa, ya ba ni haya shekara biyu."

"Me za a sayar?"

"Gasasshen kifi. Soyayyar ayaba. Zoɓo, lemun tsami. Ka bar kwalayen nan ka zo mu riƙe tare. Har yaushe za ka yi ta daskarewa kamar kazar firji?"

Na san bakin teku. Na ga abin da ake yi a Myrtle Beach.

"Giya fa?"

"Haba, Faïçal! Dubi wayarka."

Hoto ya shigo. Allo ne shuɗi, fenti sabo, teku a bayansa. An rubuta Chez Hamsatou, wato Gidan Hamsatou.

"Da wannan sunan a kai zan sayar da giya?" in ji shi.

Ban sake tambaya ba.

Hamsatou ƙanwarmu ce. Ta rasu a Gaya tana da shekara biyar, ina da bakwai. Damina ce. Zazzaɓi kwana uku, na huɗu aka naɗe ta a zanen Mama. Shekara goma sha shida ke nan, amma har yau in bazara ta yi a Greensboro Mama ba ta bari a buɗe ƙofar baranda bayan la'asar. Sauro guda ya shigo, ba mai zama sai an kashe shi.

"Kai za ka yi mata magana," in ji Rachid. "Ni in na fara, kafin in kai tsakiya ta tashi sallah."

Na yi mata. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ɗaya na ba ƙasar sauro, ba ta dawo mini da ita ba. Yayanka ya tafi ba da sona ba. Yanzu kai ma?"

"Zazzaɓin ya ragu, Mama."

"Wa ya ce?"

"An rubuta."

"Sauron ya karanta?"

Wata biyu na yi ina aikin sauro. Duk dawowa daga sito sai na kawo mata sabon abu. An raba gidan sauro gida-gida. An gyara kwatocin unguwar su Rachid da siminti. Allurar rigakafin yara ta iso ƙasar. Rachid ya sa wata ma'aikaciyar asibitin unguwarsu ta yi mana saƙon murya da Faransanci, Mama ta saurara sau uku.

Abin da ya karya ta shi ne Alhaji Chaïbou, abokin marigayi Babanmu, mai tura kwantena. Ya dawo daga Kwatano ya zo gaisuwa.

"Hajiya Fourera, yaron nan gaskiya ya faɗa miki. Ɗakin yara a asibitin unguwar nan, da can uku-uku a gado. Wannan karo na kai jikan mai masaukina, gadaje na gani babu kowa. Kwana goma sha biyu na yi, ko palu ɗin nan, zazzaɓin sauro, bai gaishe ni ba."

"Ka je wurin yaron?"

"Ban samu zuwa ba. Kullum na kira sai ya ce ana fenti."

Da ya tafi, Mama ta kira ni ɗakinta. Tana kan darduma.

"Na ji maganar sauro. Saura ɗaya. Babu haram a wurin nan?"

"Babu."

"Ka gani da idonka?"

Hotuna na gani. Allo, kujeru, murhun kifi, teku. Na ce a raina hoto ma ido ne.

"Na gani."

"Rantse."

"Wallahi, Mama."

Ta shafa kaina. "To. Allah ya sa albarka."

Wata biyu a kan sauro. Wannan ko minti ɗaya bai kai ba.

Washegari na gaya wa shugabana a sito zan bar aiki ƙarshen Maris. Mama ta sa aka sayo mata gidan sauro mai magani, ta saka shi da kanta a ƙasan akwatina.

A wurinmu ba a buɗe sana'a sai an yi addu'a. Wanda ya buɗe shago a nan, malamai su je shagon. Wanda nasa ke wata ƙasa, a taru a falo a kira shi ta bidiyo, ya zagaya da waya lungu-lungu ana karatu, a shafa tare. Mama ta ce a yi ranar Lahadi, kafin azumi ya kama. Muka tsayar da Rachid: sha biyun rana a nan, shidan yamma a can.

Tun asuba take kicin. Dambu da zogale, masa, farfesun rago. Maƙwabciyarmu Chamsiya, mai karatun jinya, ta zo taya ta. Dattawa goma sha ɗaya suka cika falo, takalma har kan matakala. Malam Ousseini ya zauna gaban talabijin da carbinsa. Mata suka tsaya ta ƙofar kicin. Mama ta sa farin mayafinta na Makka.

Daren jiya aka tura agogon Amurka gaba da awa ɗaya. Wayoyinmu suka canza da kansu. Na Kwatano bai motsa ba. Ban tuna ba. Rachid ma bai tuna ba. Sha biyunmu ta zama biyar ɗinsa.

Na haɗa wayata da talabijin. Na kira.

Ta daɗe tana ƙara. Sai aka ɗauka. Fuskar wata mace ce, ba ɗankwali, kiɗa na tashi a bayanta.

"Bar Chez Hamsatou, bonsoir! Le patron arrive!"

Mashayar Hamsatou, ta ce, maigidan na zuwa. Babu wanda ba ya jin Faransanci a falon nan.

Ta jingina wayar da wani abu a kan kantar wurin ta tafi. Muka ga komai. Firji biyu masu ƙofar gilashi, kwalabe kore da ruwan ƙasa jere har sama. Akwatunan giya a tule. Maza huɗu a tebur ɗaya, ɗaya ba riga, yana ɗaga kofi mai kumfa. A gefen kantar, fararen zannuwan gado a ninke, da sabuwar darduma ko ledarta ba a cire ba. An shirya mana. Mu ne muka yi sammako.

Wani tsoho da idonsa ya yi rauni ya matso gaba. "Lemo ne wancan?"



Sai ga Rachid a guje daga bayan rumfa, hannu ɗaya cikin farar jallabiya, ɗayan riƙe da hula. Ya ga wayar. Ya ga mu. Ya tsaya baki buɗe. Karo na farko a rayuwata na ga ya rasa abin faɗa.

"A'uzu billahi," in ji Malam Ousseini, a hankali.

Na zare wayar. Talabijin ya yi baƙi.

Ban dubi ƙofar kicin ba. Na tsallake takalma na sauka wurin ajiye motoci. Wayar ta fara ƙara tun ina matakala.

"Shida muka ce! Shida!"

"Agogo ya canza."

"Ka kashe ni, Auta. Ka kashe ni a gaban mutanen Baba."

"Giya, Yaya."

"Saurara. Ni ba na sha, Allah shaida. Amma bakin teku ne. In babu giya, ko ƙuda ba zai zauna maka a kujera ba. Da can magariba na yi kowa ya gudu saboda sauro. Yanzu mutane na zama, Turawa na zuwa da 'ya'yansu. Kasuwar ke nan! Shekara ɗaya kawai, in na tsaya da ƙafata sai in daina."

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Ka ce babu."

"Da na ce akwai za ka je mata?"

Wata mota ta shigo, na matsa gefe. Ina jin kiɗan har yanzu a bayansa. Ko rage shi bai sa an yi ba.

"Me ya sa ni?"

"Ka san dalili. Ni in na rantse da Alƙur'ani sai ta dube ka. Kai ko tari ka yi ta ce hadisi ne. Tun muna yara haka take."

"Sunan fa?"



"Ni ma ƙanwata ce. Ni na goya ta zuwa asibiti, kai kana wasa."

"Sunan fa, Yaya?"

"To, na san in ka gan shi ba za ka ƙara tambaya ba. Shi ke nan? Ka ji daɗi? Yanzu ka hau ka ce musu tsohon mai wurin ne bai gama kwashe kayansa ba. Za su yarda. Kai ne."

Na kashe.

Na daɗe a tsaye jikin motata. Ina iya faɗar abin da ya ce. Wataƙila ma su yarda. Na cusa wayar a aljihu na hau.

Ba wanda ya tafi. Mama ta fito tsakiyar falo, abin da ba ta yi in akwai maza.

"Malam, abinci ya dahu, ba za a zubar ba. A yi karatun. A kai ladan kabarin 'yata."

"Wurin fa, Hajiya?"

"Ban san wani wuri ba."

Aka yi karatu. Aka shafa. Aka ci dambu ba hira, sai ƙarar cokali. Alhaji Chaïbou ya tsaya kusa da ni yana neman takalminsa.

"Maganar sauron dai gaskiya ce," ya ce, kamar mai ba ni sadaka.

Da kowa ya watse, na same ta tana wanke tukunya. Na ɗauki tsumma zan goge. Ba ta miƙo mini ba.

"Tsohon mai wurin ne bai kwashe kayansa ba?" ta ce. "Yayanka ya turo mini saƙo. Ya ce in tambaye ka."

"A'a. Nasa ne."

"Ka sani?"

"Ban sani ba. Ya ce mini babu."

"Shi ya ce maka. Ni kuma ka ce mini ka gani da idonka."

"Hoto na gani."

"Hoto."

Ta ɗauraye tukunyar ta kife. Na jira faɗa. Na so ta yi faɗa.

"Yayanka tun yana goye na san shi. Shi ya sa nake dubanka." Ta goge hannunta a zane. "Je ka huta, Faïçal. Gobe akwai sahur."

Ba ta cika kirana da wannan sunan ba, sai a gaban likita.

Ran Litinin na koma wurin shugabana na ce na fasa tafiya. Ya yi dariya, ya mayar da ni layin kwalaye. Rachid ya kira sau tara a makon nan. Ban ɗauka ba. Akwatin na nan a bayan ƙofa, gidan sauron na ciki.

Ran Alhamis na dawo gab da shan ruwa. Na duba kan firji kamar kullum. Babu komai. Na san ranar ce sakamakon gwajin jininta zai zo.

Na ji ƙofar maƙwabta ta buɗe. Muryar Chamsiya: "Kar ki damu, Anti, sugan ya sauka. Wata uku za ki koma."

Mama ta shigo riƙe da ambulan a yage. Ta ninke shi biyu, ta cusa a jakarta, ta ja zif.

"Ka dawo?" ta ce. "Ga dabino nan a faranti."