Inci Huɗu da Tef Ɗin Awo

Mijina ya kai motarsa an ɗaga mata ƙafa inci huɗu, don kawai ya riƙa kallon mutane daga sama. Ni da nake hawa da ƙyar na yi ta haƙuri, har ranar da zan kai shagona kasuwar baje koli.

Shagon nawa ƙaramar tirela ce da ake ja da mota: keken ɗinki biyu, teburin yanka, da rigunan da na yi wata uku ina ɗinkawa. An ba ni rumfa, amma da sharaɗi: in ƙarfe goma ta yi ban iso ba, a ba wani.

Ana gobe tafiya, da muka gwada ɗaura tirelar, bayan motar ya zauna daɓas, fitilunta suka koma kallon tsuntsaye. Bakanike ya ce a sayo jakunkunan iska, waɗanda ake sawa a saman ƙarfen tayoyin baya a hura, su tallafe nauyi. Maigida ya sayo, yana ta fito.

Da safe bakanike ya shiga ƙarƙashi, sai muka ji shi yana dariya har da dukan ƙasa.

"Yallaɓai, jakar ba ta kai ba! Me ka gaya wa mai sayar da kayan mota?"

"Sunan motar mana."

"Ka ce masa an ɗaga ta?"

Maigida ya hau sosa ƙeya. Haushi ya kama ni, dariya kuma ta ƙi barina.

"Baban yara, ai kai ne irin masu zuwa ɗinki da awon shekara goma da suka wuce!"

Na zaro tef daga wuyana, na tattare zane, na leƙa ƙarƙashi na auna gibin: inci huɗu cif. Bakanike ya ruga garejinsa ya dawo da ƙarafan ƙari, ya ɗaure jakunkunan a kai. Tara saura kwata.

Maigida ya ɗauko famfo, wai zai hura har sai sun yi tauri kamar taya.

"A'a!" in ji bakanike. "Ta yi ta tsalle ke nan a hanya. Sai dai a hura har ta koma tsayinta na asali."

"To, nawa ne tsayin nata?"

Suka tsaya kallon juna, maza biyu da gemunsu. Na ce a kwance tirela, motar ta koma tsayinta. Na auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman taya, hagu da dama, na rubuta da allin ɗinki a jikin motar da ko ƙuda maigida ba ya bari ya sauka a kai. Aka sake ɗaurawa. Yana hurawa yana haki, ni ina riƙe da tef.

"Ƙara! Ƙara, jarumi! Saura rabin inci. Tsaya!"

Motar ta miƙe sambal. Na yi tsalle har takalmina ya fice.

Goma saura minti shida muka isa, mai rabon rumfa har ya ɗaga biro zai soke sunana. Ina jera riguna, sai na hango bakanike, da ya rako mu, ya ɗauko tsumma zai goge allin.

Maigida ya riƙe masa hannu.

"Bar shi. Rubutun injiniyarmu ne."

Shekara goma sha biyu yana kiran ɗinkina "ɗan abin da take taɓawa". Na juya baya kamar ina gyara wata riga, don kada su ga idona.