Zauren Alhaji Mode Ya Tuɓe Riga

Duk Gangaren Masaƙa, layin da ya sauko daga tudu zuwa kasuwar Boɗinga, babu ginin da ya kai zauren Alhaji Mode tsufa. Kakansa ne ya gina shi tun gangaren yana gonar gero. Amma Mode dillalin albasa ne, kuma shekarar da albasa ta yi daraja sai zauren ya fara ba shi kunya. Ya sa aka lulluɓe shi da siminti, aka kafa kwano a kan soron, har da shuɗin fenti. Wanda duk bai yaba ba, sai Mode ya tsayar da shi ya nuna masa.

Ana cikin hayaniyar siyasa aka ce za a faɗaɗa layin a zuba kwalta. Wani ma'aikaci mai suna Maniru ya zo daga Sakkwato da gwangwanin jan fenti, yana yi wa duk bangon da ya shigo hanya alamar rusau. Ya sanar cewa ginin tarihi kaɗai za a bari.

Kafin azahar kowa a layin ya zama jikan wani mai tarihi. Inna Asabe, tsohuwar da gidanta ke ƙasa da na Mode, ita ta fi kowa iya shege. Ta ja Maniru zuwa ɗakin awakinta, wanda bara waccan aka ɗora shi kuma tuni ya karkace, ta ce a nan masaƙan farko suka kafa zare. Maniru ya shafa bangon cikin ladabi ya wuce. Da ya iso zauren Mode kuwa, ko tambaya bai yi ba, ya zabga masa ja.

"Yallaɓai, wanga zaure ya girmi kakanka!" in ji Mode.

"Alhaji, da siminti aka yi shi tun zamanin kakan nawa?"

Mode ya juya ga Asabe. "Inna, ki hwaɗa mishi gaskiya mana!"

"Ni mi na sani, ɗan nan? Ni dai na ga shuɗi."

Tsoro ya kama Mode sosai, don a zauren nan aka raɗa masa suna, a nan kuma aka yi wa mahaifinsa sutura. Washegari ya ɗauko magina da guduma. Suka kware kwanon, suka ɓamɓare simintin, mutanen layi suna zaune a inuwa suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Kwanon ma sayar da shi ya yi, don kada a gan shi a tsakar gida a ce wani abu.

Da simintin ya zube, sai tsohon yaɓe ya fito, ja wur, da sawun yatsu jere-jere inda kakan ya ja hannu a kan ɗanyar ƙasa. Mode ya ɗora nasa yatsun a ciki, suka zauna daidai. Ya daɗe a tsaye, ya ce ƙura ce ta shiga idonsa.

Maniru ya dawo, ya ga bango, ya riƙe baki. Nan take ya janye maganar rusau, ya ce wannan kam tarihi ne na gaske, saboda haka daga yau ba siminti, ba kwano, ko ƙusa kada a kafa sai da izini. Mode ya yi ta godiya, bai ma tsaya ya ji ƙarshen maganar da kyau ba.

Ba a yi wata biyu ba gwamnati ta shelanta tsuke bakin aljihu. Maganar kwalta ta bi iska, Maniru bai ƙara leƙo garin ba. Ba a rushe ko katanga ɗaya ba. Duk layin, mutum ɗaya ne ya taɓa gininsa, shi ma da hannunsa. Siminti kuwa ya yi tsadar da ko dillalin albasa sai dai ya gaishe shi daga nesa.

Ruwan farko ya sauko da la'asar. Soron da ya shekara biyar ba a yaɓe ba ya shiga yoyo ta ko'ina. Mode ya kwaso kwanonin abincin gidan kaf ya jera a ƙasa, yana ta tsalle tsakaninsu da wando a naɗe. Sai ga Asabe ta leƙo, da faifai a ka.

"Alhaji, ashe ka mai da kwanon? Sai dai na ga ƙasa ka sa shi."

Mode ya buɗe baki zai rama, sai ya ga ruwa yana bin bangon, yana shirin wanke sawun yatsun. Ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya manna a wurin, ya danne da hannu biyu.

"Inna, bar ba'a. In kina da tabarma, ki ara mini."

Asabe ta dube shi, dariyar ta tsaya mata. Ta sauka gangaren cikin ruwa ta ɗauko.