Daga Kan Tirela Ake Ganin Birni

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan tirela, kuma ban taɓa tambayar kowa hanyar shiga birnin nan ba. Shi ya sa da Auta ta jingina wayarta a gaban gilashi, wata mata ta fara surutu daga ciki, na ce ta kashe.

"Baba, hanya za ta nuna mana."

"Ta taɓa shigo da siminti garin nan? Kashe ta."

Ta dai rage muryar. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Auta ce ƙaramar 'yata. Shekara uku ke nan da gama karatunta na gwajin jini, tana gida tana aika takardu, ko amsa babu. Sai ga wani babban asibiti a birni ya kira ta intabiyu ƙarfe goma na safe, an kuma rubuta ƙarara cewa goma na bugawa za a rufe ƙofa. Na ce ba za ta hau motar haya ba, a tsaya ana lodi a kowane ƙauye, ni zan kai ta. Na aro motar surukina, wata 'yar ƙarama mai sheƙi, wadda in ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan tabarma ake jan ka bisa kwalta. Uwar yaran ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta zauna a baya, ta rungume jakar takardun.

Mu direbobin manyan motoci ba ma karanta allo, da yawanmu ma ba mu iya ba. Saman gari muke karantawa. In ka hau tudun ƙarshe, birni zai buɗe a gabanka gaba ɗaya, sai ka nemi alamunka uku: tankin ruwa mai dogayen ƙafafu, rumbuna biyu na kamfanin fulawa, da dogon ƙarfen gidan rediyo mai fentin ja da fari. Kana gangarowa ƙarfen nan zai riƙa matsowa. Da ya shiga tsakanin rumbunan, sai ka wuce gada ɗaya ka yanke dama. Haka maigidana ya koya mini, haka na koya wa mutum tara. Shekara goma sha ɗaya rabona da hanyar, amma tankin ruwa ba ya ƙaura.

Tara saura minti biyar muka fara hawan tudun. Na ce, "Ku buɗe ido, yanzu za ku ga birni."

Muka kai sama. Katanga muka gani.

Wani mai hikima ya jera bangon kankare a gefen hanya, ya fi mutum tsawo, ya tafi sambal har iyakar gani. A bayansa allunan talla, wata na dariya da man goge baki, wani na rungume da katifa. Can sama kuma kawunan benaye na gilashi, sun kai talatin, rana na dukansu suna mayar mini da ita cikin ido.

"To, mun gani," in ji uwar yaran. "Katangar ta yi kyau."

"Ke dai yi shiru in nemi abina."

"Me ya ɓace?"

"Tanki."

"Tankin mai? Ba ka sha mai ba?"

Na rage gudu, ina leƙe ta ƙarƙashin abin tare rana, na baya suna ta danna mini oda. Auta ta ce a hankali, "Baba, ta ce mu fita dama nan gaba kaɗan."

"Wannan hanyar mayanka ce. Ba ki ji wari ba?"

"Ni ban ji komai ba."

"Za ki ji."

Muka wuce mafitar. Can kuwa sai na hango shi tsakanin benaye biyu, dogo, ja da fari. Raina ya yi sanyi. Na nuna da yatsa na ce ga ƙarfen rediyo nan, saura rumbuna. Na kafa masa ido ina gangarawa, ina jira ya matso dama yadda ya saba. Sai ya tafi hagu. Na murtsuke ido. Ya tsaya, ya juyo, sai ga igiya tana lilo a hancinsa da damin rodi.

"Malam," in ji uwar yaran, "gidan rediyon naka yana ɗaga kaya."

Ƙarfen ɗaga kaya ne na masu gini. Wane ne ya ce su yi masa fenti irin na rediyo, oho. Kafin in gama tsine musu mun wuce gada biyu, ko uku, matar cikin waya kuwa ta dage wai in juya. Ta ina? Sun raba hanyar da kankare kamar kurkuku.

Na ce kada kowa ya damu, akwai wani giɓi gaba da ma'aunin motoci, mu muka fasa shi da kanmu a zamaninmu, nan muke juyawa. Muka isa. Sun toshe shi, har sun dasa furanni.

Tara da minti ashirin. Auta tana ta murza zoben hannunta kawai. Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

A gefen hanya na ga tirela a tsaye, direbanta na ɗaure igiyar tampol. Na taka birki na tsaya bayansa.

"Alhamdu lillahi, zai yi tambaya," in ji uwar yaran. "Auta, rubuta ranar."

Ba tambaya na je yi ba. Na yi wa mutumin sallama, wani kakkaura mai furfura tsilli-tsilli, na gaya masa irin motocin da na ja, na ce ya ba ni aron kujerarsa minti ɗaya. Ya dube ni, ya dubi 'yar motar, ya yi dariya.

"Baba, daga wannan ka gangaro zuwa waccan? Hau, Allah ya ba da haƙuri."

Gwiwoyina suka yi ƙara a matakala ta biyu, amma na hau. Ina zama, katangar ta koma ƙasa da gwiwar hannuna. Ga birni. Ga tankin ruwa a bayanmu ta dama, ya yi tsatsa amma yana tsaye. Ga rumbunan fulawa. Ga ƙarfen rediyo na gaskiya, ya zama ɗan siriri a tsakiyar benaye, kamar tsoho a layin 'yan ƙwallo. Duk suna nan inda na bar su. Tun daga tudu suna nan, kujerar surukina ce ta kwantar da ni a ƙasa ban gan su ba. Shekara talatin da ɗaya ina ganin garin nan daga sama, ban taɓa sanin masu ƙananan motoci a makance suke shigowa ba.

Na leƙo ta taga na ƙwala kira. "Ke! Zo ki gani! Ban yi kuskure ba!"

Uwar yaran ta sauke gilashi. "Ni aka kira intabiyu?"

"Minti ɗaya kawai, ki hau ki ga tankin da idonki!"

"Ka gaishe shi!"

Direban ya zagayo yana goge hannu. Na nuna masa ƙarfen da rumbunan, na ce ai gada ɗaya ce a yanke dama. Ya gyaɗa kai.

"Haka ne, Baba, mu ma da shi muke aiki. Amma wannan garejin manyan motoci take kai ka, an sa shinge, ƙarama ba ta shiga. Asibiti kuwa, mafitar farko ce, ta wajen tsohuwar mayanka."

"Tsohuwa?"

"Ai an tashe ta tuni. A filin aka gina asibitin."

Sai na ji an kunna mota a bayana. Na sauko da baya-baya, ina laluben matakala da ƙafa. Auta ce a kan sitiyari, ta ja kujera gaba, ta gyara madubi. Na san ta yi lasin bara, amma na ɗauka irin na ajiyewa a jaka ne.

"Baba, shiga baya."

"Ke, wannan babbar hanya ce, ba filin makaranta ba."

"Tara da rabi, Baba. Don Allah shiga, ko in dawo in ɗauke ka an jima."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na duba fuskarta, na buɗe ƙofar baya. Uwarta ta matsa mini ba tare da ta dube ni ba.

Auta ta ƙure muryar wayar. Kilomita huɗu gaba akwai gadar sama da ake juyawa, wadda ban san da ita ba. Ta hau, ta sauko, ta shiga tsakanin bas biyu ta wani wurin da ni kaina sai na yi tunani. Na ce ta sa sigina, ta riga ta sa. Na ce ta sauya giya, uwarta ta ce motar da kanta take sauyawa, in bar yarinya ta yi tuƙi. Ina ta taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafata har muka shiga gari.

Goma saura minti uku ta tsaya a bakin asibitin. Ta fizgi jakar daga hannun uwarta ta ruga, ko ƙofar mota ba ta rufe ba. Mai gadi ya riga ya jawo ɓangare ɗaya na ƙofar. Ta ɗaga masa takardar tun daga nesa, ya tsaya da hannu a kan ƙarfen, ta kutsa ta gefe. Ya rufe.

Na zare makullin na sa a aljihu, muka samu inuwa muka jira. Awa uku uwar yaran carbi kawai take ja, ni kuma ina zagaya motar ina duba tayoyin da ba abin da ya same su.

Wajen ƙarfe ɗaya Auta ta fito. Ta ce su arba'in ne, an tace an bar shida, tana ciki, ranar Litinin za su dawo zagaye na biyu, ƙarfe takwas.

Na ce, "To, Litinin sai mu yi sammako."

"Mu wa?" in ji uwarta.

Auta ta sunkuyar da kai, ta miƙo hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai karɓar saƙo. Na laluba aljihu na ba ta makullin.