Bugu Uku a Bangon Baba Tsaga

"Tela! Ƙasa da tsagar za ka buga, ba a kanta ba!"

Tela ya ajiye almakashi, ya ɗauki 'yar gudumar ya ƙwanƙwasa bangon sau uku. Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da ɗakin tsohon injiniyan da unguwa ke kira Baba Tsaga, kuma bangon ya dare tun daga taga har ƙasa.

Shekara tara suna wannan aiki. In Tela ya buga, girgizar ta ratsa siminti ta ci karo da tsagar, wata ta tsallake, wata ta dawo, na'urorin da Baba ya manna a ɓangarensa su kama. A kwamfuta kuwa Baba ya zana bangon, ya yayyanka shi ƙananan gidaje dubbai, lissafi na bin girgizar gida-gida. Ya ce ranar da lissafin ya yi daidai da bangon gaske, za a riƙa gano tsagar da ke ɓoye cikin gada kafin ta rufta da mutane.

Bara lissafin ya yi daidai, bara kuma idon Baba ya tafi. Sai ga tsohon ɗalibinsa, wanda ya ci tuwon gidan har ya zama Farfesa, ya durƙusa ya kwashi kwamfutar da na'urorin.

"Baba, ni zan fitar da shi duniya ta gani. Sunanka ne a sama."

Yanzu ba abin da ke kama girgizar sai kunnen tsoho a kan gado, amma kullum sai ya sa an buga.

Da hantsi 'yar Baba ta leƙo shagon, ido jawur, ta miƙa masa wasu takardu.

"Kawu, aikin ya fito. Duba."

Tela ba ya jin Turanci, amma ya gane hoton. Tsagarsu ce, har da 'yar lanƙwasar da ke daidai kan keken ɗinkinsa. Ya bi sunayen da yatsa. Ya san harufan sunan Baba, shekara nawa yana rubuta su a littafin awo. Sunaye huɗu, na Farfesa a gaba, na Baba ko a ƙarshe babu. Ransa ya ɓaci. Ashe tsintacciyar mage ba ta mage.

"Na ji ƙarar takarda," in ji Baba daga ɗaki. "Ku shigo mana."

Tela ya zauna a bakin gadon. Tsohon ya rame, sai kunnuwa.

"Ya fito ko? Sunana na nan?"

Yarinyar ta kau da kai. Tela ya miƙa masa takardar.

"Yana nan, Baba. A sama, ɓaro-ɓaro."

Baba ya shafa takardar da tafin hannu.

"Tela, ɗinki ka iya, ƙarya ba ka iya ba. Shekara arba'in ina sauraron abin da ya fashe ta ciki." Ya numfasa. "Hoton bangon dai sun sa?"

"Sun sa."

"To, ka gani. Bango ya fi ni sa'a."

Bai ƙara tambayar takardar ba, bai kuma ƙara cewa a buga ba. Kwana uku tsakani, da la'asar, ya cika.

Farfesa ya zo gaisuwa cikin babbar riga, yana share ido da hankici, yana faɗa wa jama'a, "Ubana ne, wallahi ubana na rasa." Ya miƙo wa Tela hannu. Tela ya dubi hannun, ya tashi ya koma shago, don in ya buɗe baki a wurin makoki abin ba zai yi kyau ba.

Ya zauna a kan keke, ya kasa taka shi. Can ya miƙa hannu ya ɗauko gudumar, ya nemi ƙasan tsagar, ya buga sau uku. Garin siminti ya ɗan zubo a kan yadin da ke cinyarsa, bai kakkaɓe ba.