Sunan Ɗan Fari

…tagar ma ba taga ba ce, katako ne aka huda wa 'yan ramuka, sai ka manna ido ɗaya kamar ɓarawo. Turabulus suke ce wa garin. Ɗaki kan ɗaki, gida jingine da gida. Ina suke shanya hatsi, mutanen nan? Ina akuyarsu ke kwana?

Ni Kulu, da nake gama kewaye gayaunata a bayan garin Ƙarfi kafin rana ta ɗaga… tun da aka sayo ni gidan nan ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Dutse, ko'ina dutse. Ga ruwan can marar tsallake, wai duk gishiri ne, ba a sha, ba a ba shuka. Ruwan banza. Gurasa da wani mai mai ɗaci, safe da yamma. Wallahi ko warin daddawa na ji sai na yi kuka.

Kuma ba su da kunya. Jiya uwargijiyata ta rungume ɗanta na fari, ƙato da gashin baki, tana Yusuf, Yusuf, a gaban baƙi. Ni na ji mata kunyar. Ɗan fari fa! Uwa ta buɗe baki ta kama sunansa?

Nawa — "kai" nake ce masa. "Yaron nan." Tsohuwa, kakarsa, ita ke ƙwala masa kira daga bakin gona, Mudi, Mudi, har tsuntsaye su tashi… muna yankan dawa mahara suka faɗo mana, igiya ɗaya suka ɗaure ni da shi. A cikin rairayi ya miƙo mini ruwansa, leɓensa duk ya tsage, na karɓa ban dube shi ba. A garin Gat aka kwance igiyar, aka sa shi wani ayarin. Ya waiwayo. Na sunkuyar da kai. Haka uwata ta yi wa yayana har ta mutu, kowa na yabonta.

Tsaya —

Ga layin bayi a lungu, ana gangarawa da su wajen jiragen ruwa. Na bayan nan… kafaɗar hagu a karkace, tun da ya faɗo daga ɗorawa. Ƙeyar ubansa ce sak. Ba shi ba ne. Ya cika rama. Shi ne, Kulu, shi ne!

Wanda ya shiga jirgin ba ya dawowa, kuyangar gidan ta nuna mini da hannu.

Kira shi mana. Kai? Dukansu kai ne, wanne zai juyo? Sunan… ga shi nan a maƙogwaro, ɗan guntun suna, leɓɓana har sun haɗu. Wa zai ji? Babu Tsohuwa, babu dangin miji, babu mai cewa Kulu ta zubar da mutunci. To me ya danne harshen? Na ji tsoron mahara, na ji tsoron ƙishirwa, ban ji tsoro irin wannan ba.

Lungun ya fara haɗiye su, ɗaya bayan ɗaya.

Ko na kira ma… tun da na haife shi bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Zai ɗauka wata ce. Wata baƙuwa ke neman wani Mudin. Ta yaya zai san ni ce?

Goshina na kan katako, bakina a buɗe. Na gabansa ya shige.