Takardun Rauda Ashirin da Huɗu

…kuma Ishatu, ƙawata, da kina nan ai kin ce na yi daidai. Rubutu a ƙasa? A tsakar ɗaki, inda ake takawa da ƙafa? Ke ma kin san Babanmu, ko takardar ƙosai ya gani a hanya sai ya ɗauka ya cusa a ramin katanga, wai ba a san sunan da ke ciki ba. Haka na tashi. Na idar da azahar, na leƙa ɗakin ’yata Rauda, na ga takardu farare shimfiɗe tun daga bakin gado har ƙofa. Na yi bisimilla na tattara. Har kakkaɓe su na yi, na daidaita bakinsu, na ɗora saman kwaba. Ina jin daɗi, wai na samu lada.

Sai waya. “Inna, don Allah kada kowa ya shiga ɗakina, kada a kunna fanka. Na je sayen salatif.”

Na ce to. To! Me zan ce?

Ashe waƙar makaranta ce. Waƙa ake rubutawa, Ishatu — ba kalmomin ba, muryar kanta. Ita ’yar tawa koyon aikin koyarwa take a firamare can Gyallesu, yara sittin a aji, na baya ba sa gani, shi ne ta kumbura abin a kwamfuta, Izuchukwu mai shagon buga takardu ya fitar mata gunduwa-gunduwa, ashirin da huɗu, za a liƙa su zama ɗaya kamar zanen gado. Tun hantsi take durƙushe tana jerawa. Ƙarfe huɗu mai ba ta maki zai zo ajin. Yanzu uku saura…

Lamba. Ai takarda tana da lamba a gindi. Ina lambar? Ta yanke gefen da reza! Ga tarkacen can, ni da kaina na share na zuba a murhu.

Na ce wa kaina: natsu, baiwar Allah. Ke da kika koyi karatu a jikin gwangwanin madara, ba malami ba allo… don gasa da kishiya? Ba ni da ita, da kaina na yi gasa. Da kalandar mai kemis na gane watanni. Ranar da na karanta wa mahaifin su Rauda takardar asibiti sai da ya cire hula ya sake sawa. Wannan zai gagare ni?

Na sauko da su, na baje a ƙasa. Layi biyar, biyar. A kai wasu alamu kamar ludaya baƙaƙe, wasu rataye, wasu a tsaye. Wannan mai wutsiya. Wannan an bar cikinsa fari — tawada ce ta ƙare, ko haka Allah ya yi shi? Daga dama ake farawa ko hagu? Ina ma saman yake? Na juya, ludayan suka miƙe. Na sake juyawa, suka kwanta. Duka biyun da kyau.

Gwiwata… wayyo. Astagfirullah, na taka ɗaya.

To ga dabara: layi ya haɗu da layi, kamar ɗinki. Wannan da wannan — sun haɗu! Alhamdulillah. Wannan ma. Kai, abin ba wuya. Wannan ma… tsaya. Na ɗauke, na sa wata a wurin. Ita ma ta haɗu. Kowace tana haɗuwa da kowace, Ishatu. Babu wadda ta ƙi.

Yara sittin za su buɗe baki gaban baƙo su rera abin da ni na jera. Ni da ko a biki ba na amshi.

In faɗa mata? In na faɗa yanzu, ko za ta gyara kafin huɗu? Za ta ce “Haba Inna,” a hankali, irin yadda suke faɗa idan na riƙe waya a kife. Gara ta yi ihu.

Ƙofar gida. Sallamarta ce. Ɗakin ya cika tsaf, kusurwa zuwa kusurwa, babu gurbi ko ɗaya — kuma ga takarda guda a hannuna. Ta ina ta fito?

Na amsa sallamar. Na cusa takardar cikin hijabi, tana ƙara in na yi numfashi… Ishatu, don girman Allah, wannan ya tsaya tsakanina da ke.